Wai waye ainihin mai Warner Bros.? Kullum sai in ji an sayar da shi

ƊanFagge: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muna kallo da yara, tambarin nan mai kama da garkuwa da aka rubuta WB a ciki ya fito, sai autana ya ce, "Baba, kamfanin waye wannan?" Na ce na wasu 'yan'uwa ne, tunda sunan ma haka ya nuna. Bayan ya yi barci sai abin ya dame ni, don a 2025 na ga labarin za a raba kamfanin gida biyu. Kafin nan Discovery ake cewa, kafin nan AT&T, lokacin da nake makaranta kuma AOL. To waye mai shi? Kuma me ya sa kamfanin da ya yi Harry Potter da Batman yake ta yawo hannu-hannu kamar tsohuwar mota a bakin dillalai? Masu sani a taimaka kada yaro ya kama ni da ƙarya.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ni dai a sanina Disney ta haɗiye su gaba ɗaya.

Ummu_Haidar: A'a Bazazzagi, Fox ce Disney ta saya a 2019. Warner kishiyar Disney ce, ba 'yarta ba.

Bazazzagi: To na karɓi gyara, Hajiya. Duk kamanninsu ɗaya a wajena.

MalaminTarihi: ƊanFagge, ba ka yi wa yaro ƙarya ba, sai dai labarinka ya tsufa da shekara kusan sittin. 'Yan'uwa huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya: Harry, Albert, Sam da Jack. Iyayensu Yahudawa ne da suka yi hijira daga ƙasar Polan, mahaifinsu har gyaran takalma ya yi a Amurka. Ba da shirya fim suka fara ba, da haska shi suka fara. Majigi suka saya suna zagayawa garuruwan masu haƙar ma'adinai a jihohin Ohio da Pennsylvania, daga baya suka buɗe ɗan gidan kallo a garin New Castle. Ana ba da labarin cewa kujerun ma aro suke yi daga wajen mai shirya jana'iza da ke maƙwabtaka da su, in an yi mutuwa sai 'yan kallo su tsaya a tsaye. Daga haskawa suka shiga dillancin finafinai, daga dillanci suka ga gara su riƙa yin nasu. Ranar 4 ga Afrilu 1923 aka yi wa kamfanin rajista.

Kowa da aikinsa: Harry babban wa, shi ke riƙe da kuɗi a New York. Albert na kan rarrabawa. Jack, autansu, yana California yana kula da shirya fim. Sam shi ne mai son na'ura, shi ya nace sai an sa wa fim sauti. Abin tausayi, The Jazz Singer ya fito ranar 6 ga Oktoba 1927, shi kuwa Sam ya rasu ranar 5 ga wata. Kwana ɗaya tak.

Sarkin_Kallo: Wannan shi ne fim na farko a duniya da aka yi magana daga farko har ƙarshe ko?

MalaminTarihi: Ba haka ba ne, ƙanina. Yawancinsa shiru ne da rubutu a allo kamar yadda aka saba, waƙoƙi ne da 'yar magana kaɗan suke da sauti. Wanda aka yi magana tun daga farko har ƙarshe shi ne Lights of New York na 1928, shi ma nasu ne. Amma kuɗin da sauti ya kawo ne ya ɗaga su daga ƙananan 'yan kasuwa zuwa sahun manya. A 1928 suka sayi kamfanin Stanley mai gidajen sinima sama da 200, suka kuma kama First National, wanda filinsa na Burbank har yau nan ne gidansu.

Na_Kwari: Ni abin da ya fi ba ni dariya a tarihinsu, kafin zuwan sauti kare ne yake biyan albashi. Rin Tin Tin. Wani sojan Amurka ne ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Finafinansa ne suka riƙa fitar da su daga bashi. Babban jarumin kamfani ba ya neman ƙarin kuɗi, ba ya fushi da darakta, nama kawai.

Ummu_Haidar: Na_Kwari ba ka da dama wallahi.

Akanta_Sani: Bari in shigo ta ɓangaren da na fi ganewa, don tambayar ƊanFagge ta kasuwanci ce. A wancan zamanin manyan kamfanoni biyar, Warner na cikinsu, sun riƙe igiya uku a hannu ɗaya: su ke yin fim, su ke rarraba shi, su ke da gidajen da ake haska shi. Kamar a ce manomi shi ne dillali, shi ne kuma mai rumfa a Dawanau. Wanda yake da gidan sinima nasa na kansa, in yana son fim ɗaya mai kyau, dole ya ɗauka a haɗe da tarkace da yawa, wasu ma ba a gama ɗaukarsu ba. Cinikin biri a sama ke nan. 'Yan wasa kuma an ɗaure su da kwantiragin shekara bakwai, abin da aka ba ka shi za ka yi, in ka ƙi a dakatar da kai ba albashi, sannan a ƙara kwanakin dakatarwar a kan shekara bakwai ɗin.

Bette Davis ta yi shari'a da su a Ingila a 1936 ta faɗi. Olivia de Havilland ta kai su kotu a California ta yi nasara a 1944, kotu ta ce shekara bakwai shekara bakwai ce ta kalanda, ba ƙari. Sai babbar guduma ta sauka a 1948, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Paramount, aka tilasta wa manyan rabuwa da gidajen sinimarsu. Warner ta saki nata a 1953. Ga talabijin kuma ya shigo yana kwashe 'yan kallo. Daga nan kamfanin fim ya zama sana'ar caca: bana ka ci, baɗi ka sha ƙasa. Shi ya sa kullum yake neman babban bango da zai jingina.

Furodusa_Boye: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe abin ba a kanmu aka fara ba.

ƊanFagge: Na gode Akanta. Amma har yanzu ban ji inda 'yan'uwan suka saki kamfanin ba. Gado aka raba ko me?

MalaminTarihi: Da gado ne da da sauƙi. A 1956 su ukun da suka rage suka yi shawarar su sayar da hannayen jarinsu su huta, ga wasu masu kuɗi ƙarƙashin wani ma'aikacin banki mai suna Serge Semenenko. Ashe Jack ya ƙulla ta ƙarƙashin ƙasa. Ana gama ciniki ya sake sayen nasa kason, ya hau kujerar shugaban kamfani, wadda Harry ya daɗe a kai. Harry bai sake shiri da shi ba har ya rasu a 1958, kuma Jack bai je jana'izarsa ba. Shi kansa Jack ɗin a 1966 ya sayar da kasonsa ga Seven Arts kan dala miliyan 32. Tun daga lokacin sunan ne kawai ya rage na gidan.

Maman_Twins: Innalillahi. Ƙani ya yi wa yayyensa haka? Kuɗi dai ba su bar zumunci ba ko a ina.

Na_Kwari: Maman_Twins, zo kasuwa ki ga yadda ake rabuwa a kan shago ɗaya, balle wannan.

Akanta_Sani: Abin da ya biyo baya ma ya fi daɗin ji. A 1969 Kinney ta saye su. Kun san sana'ar Kinney? Wuraren ajiye motoci, sharar ofisoshi da gidajen shirya jana'iza. Shugabanta Steve Ross ta gidan surukinsa mai harkar jana'iza ya shigo kasuwanci. Shi ya ware waɗancan sana'o'in gefe, ya sa wa sauran suna Warner Communications a 1972. Batman da Superman ma ta hannun Kinney suka haɗu da Warner, don ta riga ta sayi kamfanin da ke buga littattafan zane na DC, inda labaransu suke fitowa, tun 1967.

Sarkin_Kallo: Dakata. Sun fara da aron kujerun mai jana'iza, sun ƙare a hannun mai jana'iza? Wannan ai shi kansa fim ne.

TsohonMaiBidiyo: Ku bar ni in sa baki, ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina ba da hayar kaset. Duk wannan lissafin na wane ya sayi wane, ni a ganina kuna zagaye ne. Abin da ake saye ba filin Burbank ba ne, ba kyamara ba ce, rumbu ne, wato tarin tsofaffin finafinai. A shagona sabon fim yakan yi tashe sati biyu, a yi ta layi, daga nan ya kwanta. Amma akwai kaset ɗin Enter the Dragon na Bruce Lee, wanda Warner ta fitar a 1973, sai da na sake shi sau uku don zaren ya cinye. Yaro ya kalla, ya girma, ya turo ƙaninsa. Kwalinsa har ya yi baƙi da maiƙon hannu, na naɗe shi da salatif. Wannan kaset ɗin ya biya mini kuɗin haya fiye da sababbi ashirin. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya mallaki tsofaffin finafinai shi ne mai kamfani, ko me sunansa.

MalaminTarihi: Baba MaiBidiyo ya taɓo inda yake ciwo, don Warner ta taɓa yin wautar sayar da rumbun nata. A 1956 ɗin nan dai suka sayar da tsofaffin finafinansu na kafin 1950, har da Casablanca, kan kusan dala miliyan 21, suna ganin kaya ne da suka gama amfani. Suka bi hannu-hannu, daga United Artists zuwa MGM, har suka faɗa hannun Ted Turner mai CNN a 1986. Sai da Time Warner, uwar kamfanin Warner a lokacin, ta haɗiye kamfanin Turner a 1996 sannan kayan suka dawo gida. Shekara arba'in suna kallon wasu na cin abin da kakanninsu suka noma.

Ummu_Haidar: Ashe ta nan Tom and Jerry suka shigo? Don ni na ɗauka tun asali nasu ne.

MalaminTarihi: Ta nan ne, Hajiya. Tom and Jerry 'ya'yan MGM ne tun 1940. Na Warner na asali su ne Bugs Bunny da Daffy Duck. Cartoon Network ma da Turner ta zo. Tashar HBO kuwa ta ɓangaren kamfanin mujallar Time ta shigo, lokacin da ya haɗe da Warner Communications a 1990 aka samu Time Warner.

Furodusa_Boye: Baba MaiBidiyo, maganarka ta sosa mini tsohon miki. Fim ɗina na biyu, lokacin ana kan CD, na kai wa wani ɗan kasuwa, ba zan kama suna ba. Ya kalli minti goma a shagonsa yana cin gyaɗa, ya ce zai saya ɗungurungum. Ina da bashin masu kyamara da na mai abinci a wuya, na karɓa, na sa hannu a takarda rabin shafi. Bayan shekaru ina zaune a gidan surukaina sai ga fim ɗina a tashar tauraron ɗan'adam. Yanzu yana YouTube a shafin wani da ban taɓa gani ba, da tallace-tallace a kai. Ko sisi. Su Warner sun samu sun sayo nasu, ni wa zan je wa?

Maman_Twins: Allah ya mayar da alheri, Furodusa.

Ɗan_Damagaram: Amin. Mu nan da Faransanci muka san finafinan nan, sai da na girma na gane ba a Faransa ake yin su ba. Tambayata, kamfanin waƙa na Warner shi ma nasu ne?

Akanta_Sani: Da nasu ne, yanzu suna kawai suka haɗa. An sayar da Warner Music a 2004 kan dala biliyan 2.6, kamfani ne mai zaman kansa.

Bari in koma kan MaiBidiyo, don ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. In rumbu ne komai, me ya sa duk wanda ya sayi rumbun yake kuka? A Janairun 2000 aka sanar da haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner, cinikin sama da dala biliyan 160. Hikimar ita ce mai intanet ya auri mai finafinai. Kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, a 2002 kaɗai suka rubuta asarar kusan dala biliyan 99. A 2009 aka raba auren. Sai AT&T, kamfanin waya, ya zo da irin wannan mafarkin: muna da layi, mu sayi abin da za a kalla a kan layin. Ya biya dala biliyan 85, gwamnatin Amurka ta kai ƙara don ta hana, ya yi nasara a kotu ya karɓi kaya a 2018. Ko shekara huɗu ba a cika ba ya sauke, a Afrilun 2022 aka haɗa da Discovery mai tashoshin talabijin, aka samu Warner Bros. Discovery ƙarƙashin David Zaslav, da bashin da ya kai wajen dala biliyan 50 tun ranar farko. Rumbu na nan, amma bashin da aka ci don sayensa ya fi ƙarfin abin da yake haifarwa.

TsohonMaiBidiyo: Akanta, ai ka ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. Wa zai ci bashin biliyan hamsin a kan abin banza? Matsalarsu tsadar saye ce, ba kayan ba. Ko a Kwari in ka sayi atamfa mai kyau da kuɗin ruwa, ba atamfar ce ta cuce ka ba.

Na_Kwari: A bar Kwari ta huta haka, Baba.

Injiniya_Bashir: Ku duka biyun kun bar abu ɗaya. Shekara da shekaru ba sinima ce ke ciyar da kamfanin nan ba, tashoshin talabijin na kebul ne: CNN, TNT, TBS, Discovery, Cartoon Network, Food Network. Kowane gida a Amurka da ke biyan kuɗin kebul, wani kaso yana shiga aljihunsu ko an kalli tashar ko ba a kalla ba, ga kuɗin talla. Yanzu mutane suna yanke kebul suna komawa kallo ta intanet. A Agustan 2024 kamfanin da kansa ya rage darajar tashoshin nan da dala biliyan 9.1 a littafinsa, ga kuma haƙƙin nuna ƙwallon kwando na NBA ya kuɓuce wa TNT. Rabuwar da ƊanFagge ya gani, wadda aka sanar a Yunin 2025, ma'anarta ke nan: a ware saniyar da nononta ke ƙafewa gefe guda, wato tashoshin, a bar sutudiyo da HBO da manhajar HBO Max a ɗaya gefen.

ƊanFagge: Yauwa, yanzu na fara ganin haske. To shi ɓangaren fim ɗin, ya yake a ciki?

Injiniya_Bashir: Gida ne mai ɗakuna. Warner Bros. Pictures na yin manyan finafinai. New Line Cinema, wadda ta yi The Lord of the Rings, yanzu ta fi ƙarfi a finafinan ban tsoro. DC Studios an ba James Gunn da Peter Safran a 2022. Akwai ɓangaren wasannin kwamfuta, su ke da Mortal Kombat. Akwai sutudiyon Leavesden a Ingila inda aka ɗauki Harry Potter, yanzu har tikiti ake saya a shiga yawon kallo. Sai Warner Bros. Television, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Shi yake yi wa kowa aiki, har abokan hamayya. Shirin barkwanci na Friends a tashar NBC aka nuna shi, amma mallakar Warner ne, shi ya sa bayan shekaru Netflix sai da ta biya su kafin ta nuna.

TsohonMaiBidiyo: Kun ji ko? Friends ya ƙare tun 2004. Rumbu.

Sarkin_Kallo: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne Batgirl. An kashe kusan dala miliyan 90, an gama ɗauka, a 2022 suka ce ba za su fitar ba. Wane irin ɗan kasuwa ne zai dafa abinci ya zubar?

Akanta_Sani: Wanda ya lissafa cewa rubuta shi a matsayin asara don a rage masa haraji, tare da tsira da kuɗin talla, ya fi masa fitar da shi. Ka tuna kuɗin tikiti ba duka ke zuwa musu ba, kusan rabi na masu gidan sinima ne, kuma tallan babban fim kaɗai yakan ci miliyoyi masu yawa. Lissafin Hollywood sai su. Akwai takardar da ta fallasa a 2010 ta Harry Potter na biyar, fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 900, amma a takardar an nuna asarar miliyan 167. Dabarar ita ce kowane fim kamar ɗan ƙaramin kamfani ne, uwar kamfani ta caje shi kuɗin rarrabawa, kuɗin talla da kuɗin ruwa, har riba ta ɓace. Wanda aka yi wa alƙawarin kaso daga riba sai ya tashi a tutar babu.

Furodusa_Boye: Wallahi na ji sanyi kaɗan. Ashe har Turawa ana yi musu.

Masoyiyar_Indiya: Ni duk wannan bai dame ni ba, ina dai tuna lokacin da suka shiga Indiya da Chandni Chowk to China a 2009, da Akshay Kumar, fim ɗin bai yi kasuwa ba. Ga Yash Raj tun 1970 tana hannun iyali ɗaya, uba ya bar wa ɗa. Wani lokacin rashin shiga kasuwar hannun jari rahama ne.

Injiniya_Bashir: Girman ba ɗaya ba ne, 'yar'uwa. Barbie kaɗai a 2023 ya tara dala biliyan 1.4. Irin finafinan da ke cin miliyan ɗari biyu kafin a haska su, aljihun iyali ɗaya ba zai ɗauka ba.

Masoyiyar_Indiya: To su da suke da aljihun, ba ga shi kullum suna kasuwa ana tayawa ba?

Bazazzagi: Ni fa har yanzu ban ji amsar yaron nan ba. An yi ta tarihi. Waye mai shi?

Akanta_Sani: Zuwa 2025 dai, masu hannun jari ne. A lokacin kamfanin yana kasuwar hannun jari ta Nasdaq, kowa na iya saye. Lokacin haɗewar 2022 masu hannun jarin AT&T aka ba kashi 71, na Discovery kashi 29. Zuwa 2025 manyan masu riƙewa kamfanonin zuba jari ne irin su Vanguard da BlackRock, su ma kuɗin fanshon mutane suke juyawa. Zaslav ma'aikaci ne, ba mai gida ba.

Na_Kwari: In ana bin ka bashin da ya kai haka, masu gidan su ne waɗanda suke bin ka. Mu a nan haka muka sani.

MalaminTarihi: Ni kuma abin da nake kallo daban ne. Hukuncin 1948 da ya hana su mallakar gidan sinima, kotu ta soke shi a 2020. Yanzu kuma kowannensu ya yi fim, ya rarraba, ya haska a manhajarsa. Igiya ukun da Akanta ya faɗa sun koma hannu ɗaya, sai dai gidan sinimar ya dawo cikin waya.

Ummu_Haidar: ƊanFagge, ka ce wa yaro na mutane da yawa ne, in ya ƙara tambaya ka ce ya je ya yi aikin gida.

ƊanFagge: Hajiya ba ki san autan nan ba. Da safe na gwada ba shi labarin karen, yanzu ya bar zancen kamfani, ya ce sai na nemo masa fim ɗin Rin Tin Tin. Baba MaiBidiyo, ko akwai a cikin kwalayenka?

TsohonMaiBidiyo: Gara ta cinye rabinsu tun daminar da rufin shagon ya yi yoyo. Bari in duba bayan la'asar, amma ko na samu, wa yake da na'urar da zai saka shi?